Wasan da ke barin yaro ya nemi mafita da kansa

Duk inda iyaye suka zauna a Garwa aka ɗauko zancen wasannin bidiyo, hukunci ɗaya ake yankewa: ɓata lokaci ne, ɓata tarbiyya ne, cin kuɗi ne. Malamai 'yan'uwana ma haka suke faɗa idan mun haɗu lokacin hutu. Na san abin da ke damunsu, domin ni ma ina ganin ɗalibin da ya kwana yana latsa waya ya zo aji yana gyangyaɗi. Amma ana yi wa wasannin nan kuɗin goro, kuma hasarar da hakan ke jawo mana biyu ce. Ba mu raba yara da masu cutarwa ba, tunda faɗa da baki bai taɓa ƙwace waya daga hannun yaro ba. Ba mu kuma nuna musu masu amfani ba, tunda mu kanmu ba mu tsaya mun tantance ba. Akwai wani rukuni na wasanni da ya kamata mu nema wa yaranmu da gangan, wato waɗanda ke ba mai wasa duniya mai dokoki tabbatattu, wuta ta ƙona, ruwa ya ɗauki abu mara nauyi, ƙarfe ya ja lantarki, sannan su ƙyale shi ya warware matsalarsa yadda ya ga dama.

Wanda ya leƙa ɗakunan wasa na unguwanninmu ya san abin da ke ciki. Shago ne mai rufin kwano, benci biyu, talabijin uku ko huɗu, manet, wato abin riƙewa a sarrafa wasa, da aka naɗe wayarsa da salatif. Ƙwallon ƙafa ne sarki. Bayansa sai GTA San Andreas, wanda ya fito tun 2004 amma har yau yara na yawo cikinsa. A waya kuwa Free Fire na kamfanin Garena ya cinye kasuwa. Idan ka tambayi yaro me ya sa yake son GTA, zai ce saboda ana zuwa ko'ina, kuma gaskiya ne, garuruwa uku ne da daji da hamada a tsakaninsu. Sai dai ka lura da shi sa'ad da ya karɓi aiki a cikin wasan. An ce ya bi wannan motar, ya tsaya a wannan da'irar, ya harbi wancan. Ya kauce kaɗan, sai a rubuta masa cewa ya faɗi, ya sake daga farko. Har GTA V na 2013, da duk kyan hotonsa, haka ayyukansa suke. Fili ne makeke, amma an ɗaura wa mai wasa igiya a wuya ana ja. Girman taswira dabam, 'yancin tunani dabam, kuma masu tallan wasanni sun daɗe suna sayar mana da na farko da sunan na biyu.

Wasan da ya fi fito da bambancin nan fili shi ne The Legend of Zelda: Breath of the Wild, wanda kamfanin Nintendo na Japan ya fitar ranar 3 ga Maris 2017. Hidemaro Fujibayashi ne ya jagoranci aikin, kuma shi da abokin aikinsa Takuhiro Dohta sun yi bayanin yadda suka gina shi a taron masu ƙera wasanni na GDC a San Francisco a wannan shekarar. Abin da suka yi ya cancanci a tsaya a kansa. Tsohuwar hanya ita ce mai ƙera wasa ya zauna ya rubuta wa kowace ƙofa makullinta: wannan dutsen bam ke fasa shi, wannan kogin sai ka samo gada kaza. Su sai suka rubuta dokoki kaɗan da ke aiki a kan komai. Sun ɗauki injin lissafin motsi na Havok, wanda wani kamfani a Dublin ya ƙirƙira, shi ke kula da nauyi da faɗuwa da karo. A kansa suka ɗora abin da suka kira injin sinadarai, mai kula da yadda wuta da ruwa da ƙanƙara da iska da lantarki ke sauya halin itace da ƙarfe da ciyawa, da yadda suke sauya junansu. Kafin su kashe kuɗi a kan zane, sun gwada dokokin a wani ɗan ƙaramin wasa mai kama da Zelda na farko na 1986, su ga ko dokokin kaɗai za su yi daɗin wasa.

Ga abin da ya haifar. Ka sare itace ya faɗi a kan rami, ya zama gada. Ka cinna wa busasshiyar ciyawa wuta, iska ta kora ta wajen abokan gaba, zafin kuma ya tashi sama, ka buɗe laimarka ya ɗaga ka. Ana ruwa dutse ya yi santsi ka kasa hawa. Hadari ya taso kana ɗauke da takobin ƙarfe, sai ya fara tartsatsi, in ba ka cire shi ba aradu ta faɗo maka. Mai wayo sai ya jefa takobin tsakiyar abokan gaba ya koma gefe. Akwai ɗakin gwaji da ake so ka haɗa layin lantarki da wasu akwatunan ƙarfe, sai masu wasa suka zube takubba da garkuwoyinsu a ƙasa suka jera, wuta ta bi ta wuce. Akwai wani da ake karkata manet don a gangara da ƙwallo ta cikin lungu-lungu, sai wasu suka kife manet ɗin gaba ɗaya, allon ya juya bayansa mai sumul, ƙwallo ta gangara ba shinge. Masu ƙera wasan ba su toshe ko ɗaya daga cikin hanyoyin nan ba. Doka ta ce ƙarfe na ɗaukar lantarki, to takobi ƙarfe ne, magana ta ƙare.

A nan darajar abin take a wurina. Wasan ya yi wa yaro alkawari cewa duniyar nan ba za ta yi masa ƙarya ba. Abin da ya gano a gindin wannan dutse zai yi masa aiki a bakin wancan kogi. Yaron da aka yi wa irin wannan alkawari ne kaɗai ke da dalilin tsayawa ya yi tunani, domin ya san tunaninsa zai biya.

Ci gaban wasan, Tears of the Kingdom, ya fito ranar 12 ga Mayu 2023, aka sayar da kwafi miliyan 10 cikin kwana 3. A cikinsa an ba mai wasa ikon ɗaukar kusan kowane abu ya manna shi da wani: gungume, allo, taya, fanka, sitiyari, roka. Eiji Aonuma, mai kula da jerin wasannin Zelda, ya ce wasan ya kusa kammaluwa tun Maris 2022, suka ƙara shekara guda suna gyara domin dokokin motsin su riƙa aiki daidai komai mai wasa ya haɗa. A taron GDC na 2024 injiniyoyinsu sun bayyana cewa da farko abubuwan da ke motsi bisa umarni kawai, irin su ƙofofi, suna ta rikici da abubuwan da ke bin dokar nauyi, sai suka yanke shawarar mayar da komai ƙarƙashin doka ɗaya. Shekara guda ta albashin ma'aikata, don kada yaro ya ƙera abu mai ma'ana wasan ya ƙi karɓa. Wannan girmamawa ce ga hankalin mai wasa, kuma ba kowane kamfani ke yin ta ba.

Na ga aikin abin da idona a zauren gidanmu. Wani ɗan maƙwabta ya zo da na'urar wasa ta Nintendo mai suna Switch da yayansa ya aiko masa daga Duwala, shi da ɗan yayata suka zauna a tabarma suna so su haye wani kogi a cikin wasan. Suka manna gungume uku, suka kafa fanka a baya amma can gefen dama, suka doke ta ta tashi. Jirgin ya shiga ruwa ya kama zagaye a wuri ɗaya. Mai na'urar ya ce a ƙara fanka ta biyu don ƙarfi. Ɗan yayata ya ce a'a, ƙarfi bai yi kaɗan ba, a matsar da ita tsakiya. Na ce masa me ya sa. Bai ko ɗago kai ba ya ce, "Kawu, ai gefe ɗaya take turawa, dole ya juya." Suka matsar, jirgin ya miƙe. Da suka ɗora wani dutse a gaba, hancin jirgin ya nutse, suka ja dutsen baya ba tare da kowa ya ce musu komai ba. Yaron nan bai kai ajin da ake koyar da yadda ƙarfi ke juya abu idan bai bi ta tsakiyar nauyinsa ba. Ni kuwa ina koyar da wannan darasi a lise, wato sakandare, na san ɗalibai nawa ne ke rubuta ƙa'idarsa daidai a takardar jarrabawa amma ka ba su sanda da dutse su kasa nuna maka.

Abin da yaran suka yi ba baƙo ba ne a wurinmu. Mu da muka tashi muna ƙera motar kara mun san shi: ka fere karan dawa, ka soke da tsinke, ka yanko taya daga tsohon silifa, ka ja ta ta kife, ka duba ka ga ƙafafun sun matsu da juna, ka faɗaɗa. Ba wanda ya ba ka maki, ba wanda ya ce ka faɗi. Motar ce ta gaya maka inda ka yi kuskure. A cikin gari wannan wasa yana ja da baya, filaye sun zama gidaje, kara ya yi nisa, motar roba ta cika kasuwa. Ba na so allo ya maye gurbin kara, kuma duk uban da ke da halin sa ɗansa ya ƙera abu da hannu ya yi. Amma in dai yaro zai zauna gaban allo, kuma zai zauna, gara ya zauna gaban wanda ke motsa wannan jijiyar.

Wani abokin aikina, malamin fizik da ya girme ni a aikin, ya ƙalubalance ni da cewa dokokin wasannin nan ba na gaskiya ba ne. Yana da hujja. A Zelda mutum na tsayar da dutse cak, ya yi ta dukansa, ya sake shi ya tashi kamar harsashi. A Minecraft, wasan gini da tubala, ka sare gindin itace samansa ya tsaya a iska, yashi da tsakuwa da 'yan abubuwa kaɗan ne ke faɗuwa. Wanda ya ɗauki wannan ya shiga da shi jarrabawar bak ta kammala sakandare zai sha kunya. Amsata ita ce ba lambobin Newton nake nema wa yaro a wasa ba, waɗannan aikina ne a aji. Ɗabi'a nake nema: ya yi zato, ya gwada, ya kalli sakamako, ya sauya abu ɗaya, ya sake gwadawa. Wannan ɗabi'ar ce ɗakin gwaje-gwaje ya kamata ya dasa, kuma a makarantu da yawa na yankinmu ɗakin babu shi, ko yana nan a kulle ba kaya. Muna zana ma'aunin lantarki a allo da alli, ɗalibai sama da abin da benci zai ɗauka suna kwafa. Yaron da ya saba tambayar duniya "in na yi kaza me zai faru" ya fi sauƙin koyarwa nesa ba kusa ba a kan wanda ya saba jiran a faɗa masa amsa ya haddace.

Minecraft ma, duk da itatuwansa masu tsayuwa a iska, dokokinsa ba sa saɓa alkawari. Markus Persson ɗan Suwidin ya fara shi a 2009, Microsoft ya saye kamfaninsa Mojang a 2014 kan dala biliyan 2.5, kuma zuwa 2023 an sayar da kwafi sama da miliyan 300. Ruwa a cikinsa na tafiya taki 7 daga tushensa a kan shimfiɗaɗɗiyar ƙasa. Akwai wani jan gari mai suna redstone da ke ɗaukar sigina taki 15 kafin ta mutu, sai ka sa abin da zai sabunta ta. Da wannan garin da 'yan fitilu mutane suka gina ƙofofi masu buɗe kansu, injinan girbi, har na'urorin lissafi masu aiki, domin dabarun kunnawa da kashewa da ke cikin kowace kwamfuta ne ake haɗawa da hannu. Tun 2012 hukumar UN-Habitat ta Majalisar Ɗinkin Duniya ke amfani da shi a shirin Block by Block, inda mazauna unguwa ke zana yadda suke so filin unguwarsu ya zama, kuma a Kibera ta Nairobi aka fara. Minecraft kuma yana aiki a wayar Android, wadda ita ce na'urar wasan yawancin yaranmu.

Akwai inda nake jin tsoro, kuma ba zan ɓoye ba. YouTube da TikTok sun cika da bidiyon "ga yadda ake yi". A Tears of the Kingdom an gano cewa fanka biyu da sitiyari ɗaya sun isa a yi babur mai tashi sama, kuma da labarin ya bazu sai ɗimbin masu wasa suka daina ƙera komai, suka riƙa tsallake kowace matsala da shi. Yaron da ya kwafi wannan bai fi wanda ya kwafi amsa a aji ba. 'Yanci a cikin wasa dama ce kawai, ana iya watsar da ita. Shi ya sa zaman babba kusa da yaro ke da amfani, ko da babban bai iya riƙe manet ba. Tambaya ɗaya, "me ya sa ya kife?", ta isa ta hana shi gudu wajen bidiyo.

Batun lokaci kuma ba wasa ba ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya kamuwa da wasannin bidiyo cikin jerin cututtukanta a 2019, kuma wasa mai kyau ma na iya cinye sallar la'asar da aikin gida da barci. Iyaka dole ce. Sai dai a nan ma akwai bambanci da iyaye ya kamata su sani. Wasannin da ake saukewa kyauta, kuɗinsu na fitowa ne daga sayar da lu'ulu'u da tufafi da akwatin sa'a, don haka an gina su ne su riƙa kiran yaro kullum: shigo yau ka karɓi kyauta, tayin nan zai ƙare da dare. Daga nan ne kuɗin cefane ke zarcewa ta waya. Beljiyam ta ɗauki akwatunan sa'a na kuɗi a matsayin caca tun 2018. Wasan da ka saya sau ɗaya ka mallaka ba shi da ribar da zai ci in ɗanka ya kwana a kansa.

Tsada gaskiya ce. Switch ta fito a kan dala 299, Tears of the Kingdom kuma dala 70, kuɗin da ya fi ƙarfin yawancin gidaje a Garwa da Marwa da Kuseri, balle a zo ga wutar da ke zuwa ta tafi. Amma ƙofar ba a kan Nintendo kaɗai take ba. Luanti, wanda a da ake kira Minetest, kyauta ne, yana kama da Minecraft, yana tafiya a tsohuwar kwamfuta ba tare da intanet ba. Algodoo kyauta ne, kana zana taya da igiya da ruwa su kama aiki nan take. Makarantar da ke da kwamfuta biyar a ɗakin da ake koyon buga rubutu tana iya sa su gobe.

Ina da magana kuma ga matasanmu masu koyon rubuta manhaja a jami'o'in Ngaundere da Marwa da Garwa. A 2008 kamfanin Ubisoft ya fitar da Far Cry 2, wanda aka kafa a wata ƙasar Afirka da ba a ambaci sunanta ba. Wutar dajinsa abin kallo ce, tana bin iska da bushewar ciyawa kamar yadda muke gani da rani a hanyar Ngaundere, har ta juyo ta cinye wanda ya kunna ta. Amma Afirkar da ke ciki ta bindiga ce da lu'ulu'u da zazzaɓin cizon sauro, mutanenta kuma abin harbi. Wasu sun ɗauki ciyawarmu da iskarmu sun yi abin da suka ga dama da su. A gida, Olivier Madiba da kamfaninsa Kiro'o Games a Yawunde sun fitar da Aurion a 2016, suka nuna cewa ana iya kammala wasa a Kamaru a sayar wa duniya. Mai son bin sawunsu daga arewa kada ya ce zai yi gasar kyan hoto da kamfanonin da ke da ma'aikata ɗaruruwa, ba zai kai ba. Dokoki kuwa ba su da wannan tsadar. Box2D, injin motsin da aka gina Angry Birds a kansa, kyauta ne. Godot, manhajar ƙera wasanni, kyauta ne. Mutum uku da kwamfuta biyu na iya yin wasan da za a haye mayo, wato kogi, da damina da kaya a kan amalanke, ruwa na ƙaruwa, yashi na zaftarewa, jaki na da iyakar abin da zai ja. Ko wasan noman rani a bakin Binuwai, inda ruwa ke bin gangara, injin ban ruwa na shan mai, ƙasa na tsotsewa gwargwadon irinta. Ko na gini da laka irin na Musgum a wajen Pus, inda ɗaki ke rushewa in lanƙwasar bangon ba ta ɗauki nauyinta ba. Yaron Garwa zai shiga irin wannan wasa da ilimin da ya riga ya kawo daga gida, abin da ba ya samu a titunan Los Santos na GTA.

Masu ɗakunan wasa su ma suna da hannu a ciki, watakila ba su lura ba. Ana biya ne a kan kowane wasa, sefa hamsin ko ɗari, wanda aka ci ya tashi wani ya zauna. Wannan tsarin ƙwallon ƙafa kaɗai yake wa daɗi, domin minti goma an gama. Ba yaron da zai tsaya yana auna inda zai kafa fanka alhali mutum shida na tsaye a kansa suna jiran manet. In mai shago ya ware talabijin ɗaya, ko tsohuwar kwamfuta ɗaya, a riƙa biya da awa, yara uku ko huɗu su haɗa kuɗi su zauna tare, a kuma adana musu abin da suka gina su dawo su tarar da shi, zai sami abokan ciniki da ke dawowa saboda aikin da suka bari rabi. Da rana tsakanin azahar da la'asar, lokacin da shagunan nan ke zama kusan wayam saboda zafi, babu abin da zai rasa in ya gwada.